Kada a Jefa wa Mesa Ɓera Mai Rai

Ranka ya daɗe Edita,

Ina neman fili in ja hankalin masu kiwon ƙaramar mesa mai dunƙulewa, irin wadda ake fitarwa daga Gana da Togo zuwa Amurka da Turai. Idan ta girma, ɓera ɗaya yakan ishe ta kwana 10 zuwa 14, muddin bai fi tsakiyar jikinta kauri ba. Abin da ke damuna shi ne a jefa mata ɓera mai rai, a bar su su kwana tare. Na taɓa ganin wadda ɓera ya gaigaye wa baya, domin tana shirin saɓa, idanunta sun yi hazo, ta ƙi ci. A ba ta matacce da aka ɗumama, sannan kada a ɗauke ta sai bayan kwana 2, don kada ta amayar.

Naku,
Mai karatu daga Kumasi