Fulawar da ba ta shan ruwa

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu, ina so in ja hankalin 'yan uwana mata kan saƙar kwarashi, don na ga mu nan Gusau kullum hular jarirai da safa da mayafin fulas, shi ke nan kamar an ɗaure mana hannu.

Ni dai zafin watan Afrilu ne ya ƙone min shukokin tsakar gida, abin da ya rage kuma akuya ta ƙarasa, sai na ce bari in saƙa tawa fulawar da koren ulu. Na farko ganyen duk ya langaɓe kamar dafaffen alayyahu, har yara na ta dariya, sai wata ƙanwata ta ce Yaya ki sa waya mana. Ashe sirrin ke nan. Za ki kwantar da siririyar waya a gefen ganyen ki riƙa saƙawa a kanta har zare ya rufe ta ruf, amma fa ki lanƙwashe bakinta da filaya, in ba haka ba ta huda ulun ta soki yatsa, ni kam na sha. Kuma a nemi wayar wuta mai rigar roba, wayar ƙarfe tsatsa take in an wanke, ta ɓata min ganye biyar.

Ƙaramin kasko na cika da tsakuwa na soke su ciki, in hunturu ya zo kakkaɓe ƙura kawai nake. Ku ɗan riƙa kawo mana irin wannan a shafin mata, da hoto.

Wata mai karatu, daga Gusau