Amsa ga Malamin da Ya Tambaye Ni a Rediyo

Assalamu alaikum, Malam.

Na ji tambayarka a shirin ranar Lahadi. Ka ce tunda ni da bakina na faɗa cewa masu ji wa kansu ciwo da gangan ba sa jin zafi, to ina abin tausayi? Ka ƙara da cewa neman a kula su kawai suke yi, ni kuma tallar cutar Turawa nake don in ci kuɗin ƙungiyoyi. Da sani kake nema, Malam, ka san inda nake aiki. Amma ka zaɓi makirufo.

Zancen kuɗi na bar ka da Allah. Shekara 16 ina jinyar masu larurar ƙwaƙwalwa, har yau gidan haya nake.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda ka murɗe maganata. Ban ce ba sa jin zafi ba, cewa na yi sun fi daurewa. A 2010 Jill Hooley ta Jami'ar Harvard da abokan aikinta sun gwada mutane da na'ura mai matse yatsa. Masu ji wa kansu ciwo sun fi daɗewa kafin su janye hannu, kuma daɗewar tana tafiya ne da yadda mutum ke ganin kansa mugu, marar amfani, wanda ya cancanci azaba. A 2014 ta sake gwaji. Aka ɗan zauna da su, aka sa suka tuna kyawawan halayensu, sai ga dauriyar ta ragu. Ashe ƙin kai ne ke riƙe yatsan, kuma shi kake ƙara musu duk lokacin da ka kira su 'yan wasan kwaikwayo a kunnen duniya.

Neman a kula? Yawancin 'yan matan da nake gani a ƙarƙashin hijabi da dogon hannun riga suke ɓoye tabon, wata har shekara biyu mahaifiyarta ba ta sani ba. Sauƙin da suke samu a ransu idan sun ji wa kansu ciwon na ɗan lokaci ne, kunya ta biyo baya.

Tun 2023 Nijeriya ke da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ga asibitoci a Barnawa da Kware da Dawanau, amma sai an gama duka da gori ake kawo mana yara. Ranar Talata wata uwa ta zo ita kaɗai tana kuka. Maigidanta ya hana a dawo da 'yarsu, ya ce Malam ya faɗa a rediyo makirci ne.

Wassalam,
ƙanwarka, ma'aikaciyar jinya.