Shugaban jam'iyya na jiha: a bi diddigin yadda ya hau kujera

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina neman fili in yi tsokaci kan kujerar shugaban jam'iyya na jiha, wadda ba a cika jin labarinta ba sai ranar da rikici ya ɓarke.

Galibi mai wannan kujera daga mazaɓa yake tasowa. Ya riƙe sakataren mazaɓa ko shugaban jam'iyya na ƙaramar hukuma, ya san gidan kowane mai kawo ƙuri'a. Bisa ƙa'ida, a mazaɓu ake fara zaɓen shugabanni da daliget, wato wakilan da ke jefa ƙuri'a a tarukan jam'iyya, sai ƙananan hukumomi, sannan babban taron jiha. A Kano kaɗai mazaɓu 484 ke nan da ƙananan hukumomi 44. Sashe na 223 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana jam'iyya ta wuce shekara huɗu ba ta zaɓi shugabanninta ba, Dokar Zaɓe ta 2022 kuma ta ce a sanar da INEC kwana 21 kafin taron.

Ɓarnar daga tushe take farawa. Sai a zauna a ɗaki a rubuta sunaye, a kira abin maslaha, waɗanda aka bari a baya su kama wani fili su yi nasu taron. Haka APC ta Kano ta wayi gari a Oktoban 2021 da shugabanni biyu, Abdullahi Abbas da Ahmadu Haruna Zago, sai a 2022 Kotun Ƙoli ta raba gardama, kujerar ta tabbata ga Abbas.

Mutane da yawa na zaton shugaban jam'iyya na jiha ne ke ba da takara. A'a. Uwar jam'iyya ta ƙasa ce ke turo kwamitin zaɓen fid da gwani, ita ce ke miƙa sunaye ga INEC. Amma rajistar 'ya'yan jam'iyya da jerin daliget ta hannunsa suke bi, kuma idan suka gurɓata, duk abin da aka ɗora a kansu rushewa yake. A Zamfara, APC ta lashe zaɓen 2019 kakaf, amma ranar 24 ga Mayu Kotun Ƙoli ta ce ba a yi sahihin zaɓen fid da gwani ba. Kujerar gwamna da na 'yan majalisa suka suɓuce, Bello Matawalle na PDP ya hau. Ƙuri'un talakawan da suka wuni a layi suka tafi a banza, abin da har yau yake ci mini rai.

Ga kuma batun kuɗi. Hayar sakatariya da man motoci sau da yawa daga aljihun gwamna ko masu neman takara suke fitowa. Wanda ke ci a hannun ɗan takara, yaya zai yi adalci tsakaninsa da abokin hamayyarsa?

Roƙona ga jaridarku: ranar zaɓen shugabannin jam'iyya na mazaɓu ku tura wakilai su gani ko an yi layi, ko jami'in INEC ya halarta, ko an sanya hannu a takardar sakamako a wurin.

Wassalam.