In jingine digiri na biyu in karɓi aikin Maiduguri?

Assalamu alaikum Anti. Da fatan kina lafiya, ke da iyali da abokan aikinki. Allah ya ƙara basira.

Ni ɗaliba ce, ina digiri na biyu a fannin ilimin halayyar ɗan Adam, ɓangaren kula da masu lalurar ƙwaƙwalwa. Mun gama darussan aji, saura kundin bincike da horon asibiti. Mu ba ma rubuta magani, wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne. Namu gwaji ne da jinya ta hanyar tattaunawa, mako bayan mako. Burina in zama wadda mace za ta zauna gabanta ta amayar da abin da ke cinta da Hausa, babu tafinta a tsakani. Gwaggona kam har yau gani take duba nake koyo, kullum sai ta ce in faɗa mata abin da ke ranta.

Bincikena a kan matan aure ne masu shaye-shaye. Ƙididdigar da aka yi a 2018 ta nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A shekarar ce ma gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Amma samun waɗannan mata su yi magana aiki ne ja: dangi ɓoye su suke yi, in abin ya ci tura a kai su ruƙiyya, asibiti sai ƙarshe. Ga shi babina na uku yana kan teburin malamin da ke duba aikina tun kafin azumi. Ban ga laifinsa sosai ba, ɗalibai sun yi masa yawa. Dama yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022 ya riga ya ja ni baya.

Ana cikin haka wata ƙungiyar agaji ta ba ni aikin kwantiragin shekara ɗaya a Maiduguri, in riƙa zama da matan da rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu. Albashin ya isa in ɗauke wa Baba kuɗin makarantar ƙannena, shi da fansho yake lallaɓawa. Mama ta ce in karɓa, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Baba ya ce a'a: wanda ya ajiye karatu ya ɗanɗana albashi, da wuya ya waiwayo. Ya kuma tuna mini yadda ayyukan ƙungiyoyi suka rushe bayan Amurka ta zaftare tallafinta a 2025.

Nasa zancen ma da sauran rina a kaba. Da Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, mun ɗauka ƙofofi za su buɗe. Amma asibitocin fannin a Arewa ƙalilan ne, irin su na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. Na san waɗanda suka riga ni gamawa suna zaune a gida da takardarsu.

Abin da ya fi hana ni barci, Anti, ban faɗa wa kowa a gida ba. Matar da aka kashe mijinta a gabanta, ko wadda ta dawo daga daji da goyo, ba wadda za a koyi aiki a kanta ba ce. An koyar da mu cewa idan ka tono irin wannan ciwo ba ka san yadda ake rufe shi ba, za ka iya barin mutum cikin halin da ya fi na da muni. Ni kuwa ban taɓa jinyar kowa ni kaɗai ba tare da babba yana sa ido ba. Na tambayi masu aikin ko akwai ƙwararren da zai riƙa duba ni, suka ce ana shirin ɗauka. A ɗaya ɓangaren kuma, in ban je ba, wataƙila wanda za a tura bai kai ni sani ba, ko Hausa ba ya ji balle Kanuri.

Don Allah ki ba ni shawara. In nemi makaranta ta ɗaga mini zangon karatu in tafi, ko in haƙura in kammala? In kuma zama zan yi, da wane baki zan fahimtar da Mama ba tare da ta ga na fifita takarda a kan halin da gida ke ciki ba? Masu aikin sun ce in ba su amsa kafin ƙarshen wata.

A sakaya sunana.

'Yarki,
daga Kaduna