A Fito Mana da Tsofaffin Wasannin Samanja

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan marigayi Usman Baba Pategi, ɗan wasan kwaikwayon nan da Arewa ta fi sani da Samanja Mazan Fama.

Mu nan Zuru da wuya ka shiga gida ba ka tarar da tsohon soja ba. Mahaifina ma da shi aka yi yaƙin basasa, ya dawo da igiya biyu da ciwon gwiwa. Idan lokacin Samanja ya yi a Rediyon Kaduna, sai ya fito da rediyonsa ya ɗora kan kifaffen turmi, ya miƙe ƙafar nan mai ciwo. Daga nan ko tari ba mai yi. Mutum ne mai tsare gida, amma da Samanja ya daka wa kurata tsawa sai ka ga Baba yana dariya har da hawaye, yana cewa, "Wannan ya sha fareti, ba labari aka ba shi ba."

Gaskiyarsa kuwa, don soja ne na gaske kafin ya koma wasan kwaikwayo. Banufe ne daga Pategi ta Jihar Kwara, sai ga shi ya riƙe Hausawa da Hausar bariki, wadda ake cakuɗa ta da Turancin buroka, a ce "matata ya zo" ba ko kunya. Na yi shekaru ina koyar da Hausa, ina jan jar biro a kan irin wannan, amma a bakinsa ban taɓa jin ta kuskure ba. Haka su Baba ke magana. Fuskarsa kam sai da na je hutu Kaduna na gan ta a talabijin, da kaki da gashin baki.

Kasimu Yero, ɗan wasan kwaikwayon Karambana, ya rasu a 2017, shi kuma Samanja a Nuwamban 2023, a Kaduna. Kwanan baya na sa jikana ya nemo mini wasannin Samanja a YouTube. Guntaye kawai ya samo, hoton dishi-dishi, ga sautin na shaƙewa. Yaron ya yi dariya duk da haka, ya ce ina sauran?

Shi ne nake roƙon NTA Kaduna da Rediyon Kaduna su duba ma'ajiyarsu, abin da ke nan a juye shi a sa a intanet. Ko na rediyon kaɗai aka samu, mun gode. Allah ya jiƙan su da rahama.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Zuru, Jihar Kebbi