Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Ɗaliban Sashen Gine-gine

Assalamu alaikum malamanmu, yayyenmu tsofaffin ɗalibai, da 'yan uwa membobi.

Ranar da kuka ɗora mana wannan nauyi, alkawari ɗaya muka yi muku: ɗan aji huɗu ba zai sake yawo da takardar SIWES ofis-ofis yana neman mai karɓarsa ba. SIWES horon sanin makamar aiki ne na wata 6, kuma shi ne karon farko da da yawanmu ke taka wurin gini na gaske. Don haka muka bi sawun waɗanda suka gama sashen nan, muka tara su a zaure ɗaya na WhatsApp, muka rubuta inda kowa yake aiki, Kano ne, Kaduna ko Abuja. Yawancin 'yan aji huɗu ta wannan hanya suka samu gurbi. Ba duka ba. Wani kamfani ya amsa mana da baki, ranar tafiya kuma wayarsa a kashe, sai da malaminmu mai ba da shawara ya sa baki aka samar wa waɗannan ɗalibai wani wuri. Allah ya saka wa Malam da alheri.

Ziyarar wurin gini ita ce ta fi tsaya mana a rai. Mun tarar ana zuba kankaren bene, leburori na hawa da kwanon sarki a ka. A allo mun haddace 1:2:4, siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. A fili kuwa, wani dattijon birkila ya damƙi yashi a hannu ya nuna mana cewa ya sha ruwan sama, saboda haka dole a rage ruwan kwaɓi. Injiniyan wurin ya sa muka cika 'yan akwatunan gwaji da kanmu, waɗanda ake ciro kankarensu a matse shi a na'ura don gwada ƙarfinsa bayan kwana 7 da kwana 28. Ya tuna mana benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a Legas a Nuwamban 2021. Bayan nan babu wanda ya ƙara cire hular kwano don ɗaukar hoto, har da waɗanda suka zo don hoton kawai (sun san kansu).

Mun kuma je tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Mika'ilu tun zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Ƙasa ce da azara, amma bakan gizonsa na tsaye har yau a cikin sabon ginin da aka lulluɓe shi da shi. A ganinmu duk sabon ɗalibi ya kamata a fara kai shi can kafin a nuna masa rodi.

Lacca ɗaya muka samu yi. Wata yayarmu da ta yi rajista da CORBON, hukumar da doka ta kafa a 1989 don yi wa magina rajista, ta bayyana matakan da ake bi bayan digiri da bautar ƙasa, ta kuma ja kunnenmu mu shiga NIOB, ƙungiyar ƙwararrun magina ta Najeriya, tun muna ɗalibai. 'Yan uwanmu mata sun riƙe ta da tambayoyi har magariba, musamman kan yadda mace ke ba leburori umarni su ji.

Kuɗin ƙungiya kam sai haƙuri. Masu cin moriya sun fi masu biya yawa, shi ya sa gasar lissafin kayan gini da muka shirya yi da ɗaliban ƙididdigar gini ba ta yiwu ba. Ma'aji zai karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a taron miƙa mulki, da rasit a hannu.

Jerin sunayen tsofaffin ɗalibai yana wurin sakatare, za a damƙa wa sababbin shugabanni. Waɗanda har yanzu hulunan kwano da rigunan fili na ƙungiya ke ɗakinsu, a dawo da su ofis kafin ranar zaɓe.

Wassalam.
Sakatare, a madadin shugabannin ƙungiya