Fim ɗin Dilwale bai koya ma kowa gudu da ɗiyar mutane ba

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya haƙuri da mu masu sauraro, Allah ya ƙara basira.

Abin da ya sa na rubuto shi ne shirinku na fina-finai na makon jiya, inda baƙon da kuka gayyato ya ce wai Dilwale Dulhania Le Jayenge na cikin fina-finan Indiya da suka koya ma yaranmu bijire ma iyaye, saurayi ya ɗauke yarinya su gudu. Ina ganin girmanshi amma wallahi ina ga labari aka ba shi, bai zauna ya kalla ba, don duk wanda ya kai ƙarshen fim ɗin nan ya san ko mi za a zarge shi da shi banda wannan.

Raj (Shah Rukh Khan) da Simran (Kajol) yaran Indiyawa ne da suka tashi a Landan, suka haɗu a tafiyar jirgin ƙasa ta yawon Turai. Baban yarinyar, wato Amrish Puri, tun tana jinjira ya yi ma abokinshi na Punjab alƙawarin zai ba ɗanshi ita, da ya ji ta kamu da son wani sai ya kwashe iyalinshi kaf ya maida su gida a ɗaura aure. To nan ne fa wurin da baƙonku ya tsallake. Yarinya ta ce ma Raj mu gudu, ya ce a'a. Daga baya uwar da kanta, da ta ga ɗiyarta na neman lalacewa, ta kwaso gwala-gwalanta ta ce ku ɗauka ku tafi tun kafin gari ya waye, ya sake cewa a'a, shi ba zai saci mata ba, sai uban ya ɗauki hannunta ya ba shi da kanshi. Ya sha mari ya sha dukan kawo wuƙa a tashar jirgi, har ya hau jirgin shi kaɗai zai tafi, sai a lokacin ne tsohon ya saki hannun ɗiyarshi ya ce ta je. Don Allah mi ya bambanta wannan da abin da muke cewa kullum, ba a aure sai da waliyyi, kuma shi ma waliyyin kada ya yi ma yarinya dole?

Kuma da gangan aka yi hakan. Aditya Chopra, ɗan Yash Chopra, shi ya rubuta ya kuma ba da umarni, fim ɗinshi na farko kenan, shekararshi 24 lokacin da ya fito ranar 20 ga Oktoba 1995. Kafin nan fina-finan soyayya da yawa in iyaye suka ƙi to sai dai masoya su tsere ko su mutu, shi kuma yaron ya juya abin. Da farko ma tunaninshi jarumin ya zama Bature, Tom Cruise yake so, babanshi ya hana. Shah Rukh ɗin ma sai da aka yi ta lallashi, don a lokacin an fi saninshi da fitowa a mugu mai naci irin na Baazigar da Darr, yana ganin fim ɗin soyayya zalla ba layinshi ba ne. Kaga ikon Allah, abin da yake gudu shi ya zama sana'arshi. An ɗauki wani ɓangare a Landan, wani a Suwizalan, sauran a Indiya, Karan Johar da ake ji da shi yanzu yaron aiki ne a wurin, mataimakin darakta, har ya ɗan fito a abokin Raj.

Maganar karɓuwa kuwa ba sai an tsaya jayayya ba. Kyaututtukan fina-finan Indiya na Filmfare guda 10 ya kwashe a 1996, babu fim ɗin da ya taɓa samun haka kafin shi, ga kuma lambar yabo ta ƙasa da gwamnatin Indiya ke bayarwa. Abin mamaki duk farin jinin waƙoƙin nan da Jatin da Lalit suka haɗa ba su suka ci kyautar kiɗa ba, A. R. Rahman ya ɗauke da fim ɗin Rangeela. Wannan ban ja ba. Wanda har gobe nake jin haushi shi ne Amrish Puri da bai samu ta mataimakin jarumi ba, alhali in ka cire zare idon tsohon nan fim ɗin ya zama shayi ba sukari. Wata silima a Mumbai mai suna Maratha Mandir tun 1995 take haska shi kullum da hantsi, a 2001 ya wuce tarihin daɗewa a silima da fim ɗin Sholay ya kafa, a 2015 bayan sati 1009 suka ce sun gaji za su sauke, jama'a suka yi ca dole aka maida shi. In ba lokacin korona da aka rufe ko'ina ba, bai tsaya ba.

Ni fa ban ce Raj waliyyi ba ne. Rabin farko na fim ɗin ɗan gata ne marar kunya, ya faɗi jarabawa uban na mashi murna, ya yi ma tsohon nan ƙaryar ciwon kai don ya buɗe mashi shago ya sayi giya, sannan gidan surukan ma da yaudara ya shige su a matsayin abokin ango. In wannan baƙonku ya kama da na ce ya yi gaskiya. Akwai ma abin da ya fi damuna, ita Simran ɗin kusan ba ta da ta cewa, daga hannun uba sai hannun saurayi, kuma da tsohon bai sauko ba a minti na ƙarshe shikenan an kai ta gidan wanda ba ta so. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda uwar ke gaya mata yadda aka cire ta daga makaranta don 'yan uwanta maza su yi karatu, ta yi alƙawarin ɗiyarta ba za ta sha irin wannan ba, ga shi kuma ta kasa cikawa. Mu nan Katsina wa zai ce bai san irin wannan uwar ba? Akwai su a unguwarmu, akwai su a danginmu, kuma auren alƙawari tsakanin abokai bai ƙare ba musamman in ka fita ƙauyuka.

Shi ya sa nake ganin iyayenmu mata suka riƙe fim ɗin tun zamanin kaset, tun ba a fara fassarar Indiya-Hausa ba, ba su jin yaren amma sun gane komi. Masu shirya fina-finanmu na Kannywood kuma, ba duka ba, sai suka ɗauko rawa da waƙa a cikin furanni suka baro wahalar rubuta uba mai taurin kai wanda duk da haka kana tausayinshi, da uwa mai magana irin wadda ke sa mutum ya yi shiru. Wannan ya kamata a ce shirinku ya tattauna.

Roƙona a karanta wasiƙar nan a shiri na gaba, kuma in da hali a sake gayyato malamin, amma a ba shi awa ukku da 'yan mintuna ya kalla tukunna, musamman daga inda suka sauka Punjab zuwa tashar jirgi. In ya gama ya zo ya nuna mana minti nawa ne aka gudu da yarinyar.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Mai sauraronku a kullum,
daga Ƙofar Ƙaura, Katsina